Gwadabe Mai Majigi da Kaboyin da Ya Faɗa Kwami

Da an sallame sallar asuba, kafin masu shayin bakin boda su gama hura wuta, za ka ga Baba Gwadabe ya jingine tsohon kekensa a jikin rumfar kwanon nan da ke bayan layin manyan motoci a Magama. Yakan share ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya jera bencinansa, sannan ya ɗaure farin ƙyalle a bango, yana ja yana gyarawa kamar mai shirya gadon baƙo. Daga nan sai ya saki tamfol ya rufe haske, ya zauna shi kaɗai ya kalli fim ɗin da zai nuna da la'asar, tun daga farko har ƙarshe. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, tun zamanin kaset har aka zo na memori. A ƙarshen watan nan zai ajiye, domin likita ya ce yanar ido ta kama shi.

Wanda bai san shi ba zai ce ai kunna na'ura ne kawai. To, ba haka ba ne. Gwadabe shi ne bakin fim. Yakan rage muryar fim, ya riƙe lasifika, ya mayar da maganar Bature da ta Ba'indiye Hausar Katsina tsantsa, har ka rantse jarumin nan a Daddara aka yanke masa cibiya. In an gama kuwa, ba ya barin kowa ya sulale. Sai ya ɗage tamfol, ya bi benci benci yana tambaya, "To, mi kuka gani?" Direba ya faɗi nasa, mai faci ya faɗi nasa, a yi musu, a yi dariya. Shi dai ya saurara. Fim ɗin da jama'a suka ƙi, ko ya fi kowa son sa, ba ya sake fitowa.

Sau ɗaya tak ya karya dokarsa ta kallon fim kafin nunawa, kuma a kan wannan sau ɗayan nake son tsayawa, domin a nan aka san ko wane ne shi.

A shekarar da aka rufe boda ne, motoci sun yi cirko-cirko, direbobi sun gaji da zama. A lokacin kuma garin cike yake da mutanen ƙauyukan gefen daji da 'yan bindiga suka koro, suna raɓe a kangaye da zaurukan dangi. Gwadabe ya ga yadda suke wuni jugum, sai ya sa musu ranar Talata su zo kallo kyauta. Ana gobe za a yi, wani direban Maraɗi mai suna Lawwali ya miƙo masa memori.

"Baba, wanga dariya ce zalla," in ji Lawwali. "Fim ɗin kaboyi ne, amma na shaƙiyanci. Mun kalle shi a bakin duwan, wurin 'yan kwastan, wani jandarma har ya hwaɗo daga kujera."

Washegari janareto ya yi gardama har azahar, lokaci ya ƙure. Gwadabe ya amince da shaidar direba, ya kunna, ya ƙure murya don na baya su ji. Abin da Lawwali ya manta bai faɗa ba shi ne yadda fim ɗin ya fara: mahaya sun rufe fuska, sun shigo wani ɗan gari a guje suna harbi sama. Direban da ke kwana a mota bai ga komai a nan ba sai share fagen dariya. Mutanen da suka baro hatsinsu a rumbu kuwa, ƙarar da ta raba su da gida suka ji. Kafin Gwadabe ya kai hannu ga na'ura, rumfa ta watse. Benci biyu suka karye, aka tattake takalma, wata mata mai suna Salmatu ta faɗi ta gurɗe gwiwa.

Kafin magariba mai unguwa, Malam Abdulbaƙi, ya iso. Bai ɗaga murya ba. "Gwadabe, tare muka tashi da kai, amma mutanen ga amana ne a hannuna. Ranar Asabar zan sa a rufe rumfar nan, sai fa in su da bakinsu suka ce a bar ta."

Abokai suka ba shi shawara ya jefa memorin a rijiya, ya bi dattawa da ban haƙuri, magana ta mutu. Gwadabe ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma bai ɓoye ba. Amma taurin kansa, wanda matarsa ta daɗe tana kuka da shi, ranar ya yi amfani. Ya rufe kansa a rumfa ya kalli fim ɗin sau huɗu. Ashe shugaban 'yan fashin wani dogo ne mai malafar da kullum take rufe masa ido. Yakan hau doki yana fuskantar wutsiya, ya zaro bindiga wandonsa ya zame, ya yi tsawa ƙuda ya faɗa masa baki. A ƙarshe matan garin ne suka fito da tsintsiya da kasko suka bi shi, ya yi tuntuɓe ya faɗa kwamin shayar da dawaki, ƙafafu a sama.

Kwana uku yana yawo a keke, kango zuwa kango, yana ba da haƙuri, yana faɗa musu yadda ɗan fashin ya ƙare, yana roƙon a dawo sau ɗaya. Wasu suka kawar da kai. Haggai, wani manomi da ya yi gudun hijira da iyalinsa, ya ce masa, "Malam, namu 'yan bindigar ba su hwaɗowa daga babur. Mi za mu yi wa dariya?" Gwadabe ya ce gaskiya ne, amma ya zo ya faɗi haka a gaban kowa. Wurin Salmatu ya fi daɗewa. Ya same ta zaune a kan tabarma, an ɗaure gwiwar da tsumma.

"Baiwar Allah, laifina ne, ba na kowa ba. Ban duba ba na nuna."

"Na ji, Malam. To, mi kake so kuma?"

"Ki zo ki gani har ƙarshe. In kin ce a rufe, ni da hannuna zan kwance ƙyallen."

Ta gyara ɗaurin gwiwarta, shi kuma ya ja kekensa ya tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar mutum ashirin da wani abu suka zo, Malam Abdulbaƙi na tsaye a bakin ƙofa. Aka kawo Salmatu a bayan babur, ta zauna a bencin ƙarshe. Gwadabe ya naɗe tamfol ɗin gefe ɗaya gaba ɗaya, ko da hoto zai dusashe, don kowa ya riƙa ganin hanyar fita. Ya kashe muryar fim ɗin ƙurmus. Sannan ya yi abin da ban taɓa jin wani mai gidan kallo ya yi ba: ya fara daga ƙarshe. Sai da suka ga Mai Malafa a cikin kwami, mata na zuba masa tsintsiya, sannan ya mayar da fim farko. Da mahayan suka shigo suna harbi, ƙarar bindigar daga bakinsa ta fito, wani ɗan "fut, fut" mai kama da na tsohon babur da ya ƙi tashi. Wasu kafaɗu suka ɗaga, amma ba wanda ya tashi. Can sai wata tsohuwa ta ce, "Ai wanga shi ne na cikin ruwan nan," aka kwashe da dariya.

Da aka gama ya bi benci benci kamar kullum. Ra'ayi ya rabu, kuma bai yi ƙoƙarin haɗa shi ba. Wani ya ce shirme ne marar darasi. Wata ta ce matan sun burge ta, sai dai tsintsiya ta yi kaɗan, da taɓarya suka ɗauko. Lawwali, da kunya ta hana shi zama gaba, ya ce doki ya fi kowa hankali a fim ɗin. Haggai ya maimaita maganarsa, ya ƙara da cewa ya yi dariya sau biyu kuma bai ji daɗin yin ta ba. Gwadabe ya gode masa. Saura mutum ɗaya, kuma kowa ya san maganarta mai unguwa yake jira.

"Salmatu, mi kika gani?"

Ta dubi farin ƙyallen. "Farkonsa ban yafe mashi ba," ta ce. "Amma shekara biyu ke nan ban ga mai bindiga ina zaune ba. Yau na dube shi ido da ido, ban tashi ba, har shi ya hwaɗi." Ta gyara zaman ƙafarta. "Maido mani wurin kwamin nan, ban gani da kyau ba."

Malam Abdulbaƙi ya cire takalmansa, ya nemi gefen benci ya zauna.

Baba Gwadabe, kai ne ka yi kuskure a bainar jama'a, ka bi shi da ƙafarka har ka gyara. Kai ne ka ɗauki ra'ayin mai faci da na 'yar gudun hijira da nauyin da wasu ke ba maganar manya kaɗai. Na Magama, mai rumfar da ba a fita sai an yi magana, mun gode. Allah Ya ba idanunka lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Masu gidajen kallo da za su gaje ka, da duk wanda ke sa wani abu a gaban jama'a, malami ne ko mai rediyo, su duba kafin su nuna, su tsaya su ji bayan sun nuna.

Shekara talatin da ɗaya kana tambayarmu abin da muka gani. Yau ga amsarmu, Baba: mun ga Salmatu ta zauna har ƙarshe.