Gorar Inabin Inna

Inna ta zo mana wankan jego Alƙahira lokacin da na haifi 'yar fari. A Madinat Nasr muke zaune, maigidana yana karatun fiƙihu. Babu abin da ba ta kushe ba a garin nan. Miyarsu ba yaji, ba tsami, wai ita tunda take ba ta taɓa ganin lafiyayyu suna cin abincin majinyata ba. Inabi ne kawai ya ci ta da yaƙi. Da ta ga arharsa, sai ta maida shi sana'a. Ta wanke, ta matse da hannu, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗura a gorunan ruwa ta jera a firiza.

"Ki riƙa sha, yana kawo nono," in ji ta. Ban san inda ta samo wannan ilimin ba, amma wa ya isa ya yi musu da Inna?

Ta koma gida, shekara ba ta zagayo ba aka bugo mana waya ta rasu. Ban samu zuwa ba. A lokacin gora ɗaya ta rage a ƙuryar firiza, na hana kowa taɓa ta. Ba sha zan yi ba. In na buɗe zan ɗauko nama sai in gan ta, in ji kamar Inna tana falo tana mita.

Sai zafin dubu biyu da goma sha huɗu ya zo da ɗauke wuta, har muka ce ashe halin gida ya biyo mu. A kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke, firjin ya ƙone. Kafin mai gyara ya ga damar zuwa, komai ya narke. Nama na rabar, gorar kuwa na ɓoye ta bayan buhun shinkafa. Ranar da aka gyara na ɗauko ta, ta kumbura tam. Da na murɗa murfin sai ta yi huci, wani wari ya bugi hancina.

Malam, maigidan nawa, yana bakin ƙofar kicin, ya ji warin shi ma.

"Ma'alish, ki yi haƙuri," ya ce a hankali. "Ya juya. Giya ce yanzu."

Raina ya ɓaci, kamar Inna ya zaga. Na ce masa uwata ko warin giya ba ta sani ba. Na ce in ma wani abu ya shiga, ai sanyi zai kashe shi, yadda yake hana nama lalacewa. Na jefa gorar firiza, na murɗa sanyin har ƙarshe. Ina da taurin kai, kuma a wurin mai gorar na gada.

Bai ja da ni ba. Da na duba daga baya, gorar ba ta daskare irin na da ba. Gefe-gefe ƙanƙara ce fara-fara, tsakiya kuwa wani ruwa ne mai duhu yana motsi in na karkata ta. Na ƙara mata kwana, yana nan. Na shinshina, warin ya ma fi na farko ƙarfi.

"Ruwan cikin ne ya daskare," in ji Malam. "Abin da ke sa maye ba ya kama ƙanƙara a irin wannan sanyin. Wuri ɗaya kawai kika tara shi."

Nan na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Na san hukuncin, na kuma san wanda nake aure. Na ce masa, "Khalas, shi ke nan, zubar. Amma kada ka yi a gabana."

Ya ɗauki gorar ya fita baranda. Ban ji ƙarar zuba ba, ban kuma tambaya ba.

Sai da zafi ya fara sauka, wata rana ina yanka tumatir da kokwamba, ya shigo da kwalba an rufe bakinta da farin ƙyalle, wanda Inna take tacewa da shi. Ashe ruwan inabin ya juye a ciki, ya ajiye a inuwa bayan tulin littattafansa, bai sa masa komai ba. Ya ce malamai sun yi saɓani kan ajiyewar, ya kwana biyu yana bin maganganunsu kafin zuciyarsa ta natsu. Amma in ya koma khal da kansa, wato ruwan tsamin da Misirawa ke zubawa a salak, babu mai cewa haram ne.

"Sanyi riƙe shi ya yi a inda bai kamata ya tsaya ba," ya ce. "Sai na bar shi ya ƙarasa."

Na ɗiga kaɗan a kan tumatirin na kai baki. Tsamin ya kama mini muƙamuƙi har na runtse ido. Tun aurenmu ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

'Yar tawa tana rarrafe ta kama zanena, na dangwala mata a harshe. Ta yamutsa fuska, ta tofar, sannan ta sake buɗe baki. Malam ya yi dariya ya ce, "To, ga Inna nan ta samu tsamin da take nema."