Tankin da Na Bari a Ainu Shams

Mu biyar ne a gidan haya ɗaya a unguwar Ainu Shams, can ƙasar Larabawa, duk ɗalibai, tire ɗaya muke sa wa hannu. Ni kaɗai ne ɗan Maraɗi, ni kaɗai ke jin Faransanci, kuma shi ya jawo mini.

Da hutu wani Bafaranshe ya ɗauke ni tafinta. Aikinsa kafa allunan gilashi masu dafa ruwa da zafin rana, a wata masana'antar giyar inabi da ke hanyar Iskandariyya. Da ruwan ake wanke kwalabe. Kafin mu gama, tukunyar baƙin man da ke turnuƙe gonakin da hayaƙi ta huta, mai masana'anta ya daina sayen mai, baki har kunne. Ni ko ɗigo ban taɓa ba, magana kawai nake juyawa. Da Bafaranshen zai tafi ya ba ni allo ɗaya da ƙaramin tanki, na kafa su a saman benenmu.

Da sanyi ya shigo muka huta da dafa ruwa a kan gas. Mutanen da a da sai Juma'a suke wanka suka koma kamar agwagi.

Ran nan babbanmu, wanda ke ja mana salla, ya tambayi asalin tankin. Ban ɓoye ba. Washegari na tarar da abincina a kwano daban, can bakin ƙofa wajen takalma.

Babban namu ya ce, “Ma'alish, sai haƙuri, Malam. Hannun da ya yi wa giya hidima ba ya shiga tirenmu.”

Na ce, “Ustazu, ruwan da ka yi alwalar asuba da shi fa?”

“Rana ta Allah ce. Ita ba ta karɓi albashi ba.”

Sauran suka kwashe da dariya, har wanda na yi jinyarsa a azumin da ya wuce. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na daure ina ci a wajen takalma, ina zaton za su huce. Sai suka ce in nemi wani ɗaki. Na ɗauki sifana zan kwance tankina, na tarar da ƙofar saman bene da sabon kwaɗo.

Ustazu ya ce, “Khalas, shi ke nan, ka bar shi ya zame maka kaffara.”

Na jawo akwatina. Ruwa na zuba a banɗaki, tururi na fitowa ta ƙasan ƙofa. Na ciki ya ɗaga murya: “Yalla, ja mana ƙofar, iska na shigowa!”