Gwaggo Zenzi da Ganyen Cocinmu

Da an kaɗa ƙararrawar bakwai na safe, za ka hango Gwaggo Zenzi Hinterleitner tana hawo tudun coci cikin dusar ƙanƙara, bokiti a hannu ɗaya, kwalbar feshi a ɗayan. Shekara talatin da huɗu ke nan ita ke ƙawata cocin ƙauyenmu da ɗanyun rassan itacen tanne, mai siraran ganyen da ke zama kore ko da hunturu, idan Kirsimeti ta gabato. Ba ta saran reshe sai sanyi ya fara daskarar da ruwa. Takan fere gindin kowanne a karkace, ta jiƙa su yini guda a bahon wankanta, sannan ta kitsa. Daga nan kullum sai ta bi su da feshin ruwa.

A wajenmu ba a sauke ganye sai biyu ga Fabrairu, ranar sa wa kyandirori albarka. Ƙauyukan maƙwabta duk sun koma na roba. Nata kuwa bai taɓa bushewa kafin ranar ba.

Bana, shekararta ta ƙarshe a aikin, sabon fadanmu, Fada Korbinian, ya sa aka kafa injin ɗumama coci. Kwana tara, ganye ya fara zuba a kan kujeru.

"Fada, ɗumin nan zai kashe mini su," in ji ta.

"Gwaggo, tsofaffi na ta tari. In zaɓi reshe in bar mutum?"

Alois, tsohon da ke kaɗa ƙararrawa, ya sa baki: "A sayo na roba mana. Shi ba ya lalacewa, kamar haƙoranki."

"Kai da gashinka ya gama zuba tun ba a haifi Fada ba, rufe mana baki."

Ba ta sake neman a kashe injin ba. Da an tashi daga addu'a sai ta kwance rassan, ta kai su bayan coci, ta shimfiɗa a kan ƙanƙara inda rana ba ta kaiwa, kafin wata addu'ar ta mayar. Mace mai shekara saba'in da shida, ga sanyin ƙashi a yatsu. Mako guda tana yi ita kaɗai. Ranar da Alois ya tarar da ita a kan tsani, sai ya ce, "Sauko, tsohuwa, kada ki ja mana jana'iza," ya hau. Matan ƙungiyar mawaƙa ma suka shigo cikin aikin.

Ran biyu ga Fabrairu, Fada ya kama reshe ɗaya ya girgiza a gaban jama'a. Abin da ya faɗo bai cika cokali ba. Ya sunkuyar mata da kai.

Gwaggo, ke ce kika ƙi barin mu ji sanyi, kika kuma ƙi barin ganyenki ya mutu, sai kika ɗora wahalar a kanki. Uwar kore a tsakiyar ƙanƙara, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Har yau ba a sami mai gadonta ba. Masu jin daɗin ƙamshin rassan nan, ƙofarta a buɗe take duk Asabar ga mai son koyon aikin. Ta ce a zo da almakashi, a bar surutu a gida.