Ministan Albashi Ya Ƙona Riga

Shagonsa ne na uku in ka shigo layin daga bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalma. Teburin guga ɗaya ne a ciki, da dogon ƙarfe na rataye kaya, sai wata ƙaramar talabijin a kan katako can kusa da silin. Shekara talatin da ɗaya yana wanki da guga a wurin. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, da ita ya yi aure, da ita ya ɗauki nauyin karatun 'ya'ya uku, kuma babban abin alfaharinsa shi ne ko hankicin mutum bai taɓa ƙonawa ba.

Ba wanda ke ce masa mai guga. Minista ake kiransa, Ministan Albashi, domin ba sana'ar da bai yanke wa farashi ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce: a biya mutum gwargwadon daɗewarsa a tsaye. Ma'aikaciyar jinya ce a sama, sai malamin makaranta, sai mai ba motoci hannu. Manajan banki kuwa can ƙasa, tun da zama yake yi a kujera mai juyawa.

"To direban babbar mota fa, Yallaɓai?" in ji mai aski, wanda ke leƙowa duk lokacin da ba shi da kan da zai aske. "Kwana biyu yana zaune."

"Wannan zaman wahala ne, tsayuwa muke lissafa masa."

"Ni da kai fa?"

"Muna na huɗu. Ban sa kaina a gaba ba, kada a ce na yi son kai."

Mawaƙan zamani da 'yan barkwanci su suka fi shan suka. A cewarsa, waƙar da can sai ka gama guge riga uku kafin ta ƙare, ta yanzu kuwa kana kan wuyan rigar farko an gama, kalma shida ce ake ta juya ta. Shi kuma ɗan barkwanci, me yake yi ban da faɗowa daga kujera? A biya shi ya sayi mota, ita kuwa Malama, matar Minista, tana tsaye gaban yara sittin tun safe, ƙarshen wata ko takalmi sai ta yi shawara.

Duk da haka, ƙarfe huɗun yamma ba ta taɓa yi talabijin ɗin tana wata tasha ba. Lokacin ne ake nuna shirin wani mai gadi matsoraci. Minista ya ce saboda masu jiran kaya yake kunnawa. In abin dariya ya zo, sai ya juya baya ya yi ta tari.

"Tarin nan naka na ƙarfe huɗu ya kamata a nuna wa likita," Malama ta taɓa ce masa.

Wata Laraba wani saurayi ya kawo farar riga mai dogon hannu. Ɗan layin ne, a gaban Minista ya girma, yanzu ya zama mawaƙi, kuma ranar ce karo na farko da aka gayyace shi gidan talabijin.

"Baba, ƙarfe biyar zan karɓa. Ita kaɗai ce mai kyau gare ni."

"Ko ƙarfe huɗu da rabi ka zo."

Minista ya wanke ta, ta bushe, ya shimfiɗa ta a tebur daidai lokacin da shirin ya fara. Ranar ɓarawo ne ya shigo gidan da ake gadi. Mai gadin ya gan shi, ya tsaya yana rawar jiki, sannan ya roƙe shi ya raka shi bakin ƙofa, wai akwai kyanwa a hanya. Ɓarawon ya riƙe masa hannu ya kai shi. Wannan karon tari bai yi aiki ba. Minista ya dafa bango yana dariya har da hawaye, mai aski ya shigo da almakashi a hannu don ya ga lafiya. Mai askin ne ya fara jin ƙauri.

Da Minista ya ɗaga dutsen guga, ga tambarinsa nan a ƙirjin rigar, ɓangaren hagu, ruwan ƙasa, har 'yan ramukan tururi sun fito reras. Ya zauna a kan bokitin wanki.

Da mawaƙin ya zo, bai ɓoye masa komai ba. "Ɗana, sakacina ne. Ɗauki tawa da ke rataye, gobe in saya maka sabuwa."

Saurayin ya dubi rigar Minista, wadda mutum biyu irinsa za su shiga, ya dubi agogo. "Ba komai, Baba. Haka zan sa ta."

Ƙarfe shida rabin layin sun taru a shagon. Ga mawaƙin nan a talabijin da ƙunarsa a ƙirji. Bayan ya yi waƙa, mai gabatarwa ta tambaye shi wane ne ya tsara masa wannan riga. Bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Wani dattijo ne a layinmu. Shekara talatin yana aiki kafin ya fitar da wannan samfurin."

Washegari samari huɗu suka zo da sababbin riguna.

"Baba, irin ta jiya muke so."

"Ku ce in ƙona muku kaya?"

"A hagu, Baba."

Ya kore su. Suka dawo da yamma su tara, suka ce za su biya ninki biyar na kuɗin guga. Ya ce su ba shi kwana ɗaya. A gida ya kai maganar gaban Malama tana duba littattafan ɗalibai.

"Karɓi abinka," in ji ta. "Rufin ɗakin girki yana yoyo."

"Sunana fa?"

"Sunanka yana nan. Su suka roƙa."

Sai ya tarar ƙona riga da gangan ma aiki ne. In ya ɗaga da wuri, tambarin ya fito fari-fari, in ya daɗe, yadin ya huje. Tsofaffin zannuwan gado biyu ya lalata kafin ya gane ƙirga ashirin ne daidai. Daga nan layi ya kafu a ƙofar shago. Har daga wasu unguwanni ake zuwa, wani ma ya kawo hula.

Mai aski bai bar shi ya sha iska ba. "Yallaɓai, ina da ƙorafi. Akwai wani a layin nan, ƙirga ashirin yake yi ya karɓi abin da nake samu a kai biyar. A wane mataki za mu sa shi?"

"A tsaye nake yi."

"Shi ma mai faɗowa daga kujera sai ya miƙe tsaye kafin ya sake faɗowa."

Minista ya ci gaba da ƙirga. Amma abin ya dame shi. Ya gaya wa Malama cewa kuɗin nan ba ya masa daɗin riƙewa, shekara talatin yana kiyaye kayan mutane ba wanda ya ƙara masa ko kwabo, yau ɓarna ce ake biya da tsada.

"In yana maka nauyi, ranka ya daɗe, kawo in riƙe maka," ta ce. "Ni ce ta biyu a jerinka, har yau ban ga ƙarin ba."

Ya ba ta rabi. Aka gyara rufin, ta sayi takalmi ƙafa biyu ba tare da shawara da kowa ba.

Wata biyu abin ya yi yana tashe. Daga nan 'yan kasuwa suka cika gari da riguna masu tambarin da inji ya buga, a farashi mai sauƙi, shi kuma mawaƙin ya koma sa baƙaƙen kaya. Layin ƙofar shago ya watse kamar ba a yi ba. Minista ya koma gugarsa, hankalinsa kwance.

Wata safiya ɗaya daga cikin samarin farko ya shigo yana sosa ƙeya, rigar a naɗe cikin leda. An kira shi ganawar neman aiki jibi, ba shi da wata farar riga.

"Baba, ko za a iya wanke shi ya fita?"

Minista ya ɗaga rigar ya duba ta a haske. "Wannan aikin hannuna ne, ɗana. Ba ya fita."

"To yaya zan yi?"

Minista ya shiga ciki ya ɗauko wata tsohuwar kwat ta babban ɗansa, ya goge ta, ya sa yaron ya ɗora a kan rigar. Tambarin ya ɓuya tsaf.

"Ko zafi ya kai ina, kada ka cire," ya ce. "Wane aiki ne ma?"

"Banki, Baba."

Minista ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya gyara masa wuyan kwat ɗin, ya ce Allah ya ba da sa'a.