Na Ajiye Allurar 'Yata Saboda Kiyashi

A lokacin ni matar masunci ce a Yelwa, sana'ata bandar kifi, kuma mace ce ni mai ganin ta fi kowa dabara. 'Yata ta fari tana da shekara tara aka ce tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum. Ni nake yi mata, tana kuka ina kuka. Wallahi na gaji, ko da yake ban taɓa furta wa kowa ba. Wata ranar kasuwa wani mai kemis ya nuna mini kafso, ya ce ƙwayoyin halitta ne masu gyara hanji, wasu na cewa suna taimaka wa suga. Tsakani da Allah ya ja mini kunne cewa kada in bar allura. Na ji rabin maganarsa, na zubar da rabi.

Da ruwan tafki ya ja baya muka ƙaura tunga, wato sansanin masunta, a wani tsibiri, kamar yadda muka saba. Nan na fara ba ta kafson da na saya ina tsallake allura, har na daina allurar. Gwajina ɗaya ne, wanda Inna ta koya mini: a duba inda yarinya ta yi fitsari, in kiyashi sun taru, akwai suga. Kullum nakan duba yashin, ba kiyashi ko ɗaya. Har na riƙa yi wa matan tunga burga cewa na warkar da ita. Ban tsaya na yi tunani ba cewa tsibirin bai daɗe da fitowa daga ruwa ba, ko zuma ka zuba a can kiyashi ba za su zo ba. Tana ta rama, tana shan ruwa kamar ba gobe, ina cewa zafi ne.

Ranar da ta fara amai da numfashi sama-sama, babanta ya saka ta a kwalekwale muka yi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko tana samun allurarta, na ce ƙwarai. Allah ya sa ba ta yarda da ni ba. Da yarinyar ta farfaɗo, sai ta kama hannuna tana roƙona gafara, wai ita ta jawo, don ta sha rake a ɓoye. Ni kuwa na shafa kanta na ce na yafe. Har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yan uwana iyaye, ban ce kafson nan guba ba ne, amma ba ya tsayawa a madadin allura, kuma kada ku ƙara ko ku rage komai sai da sanin likita. In kun gaji ku faɗa, a taimake ku. Sai da 'yata ta girma na gaya mata gaskiya. Sai ta ce tun daga ranar da ta roƙe ni gafara a asibiti ba ta sake taɓa rake ba.