Ƙuri'ar da Inna ta jefa da bakinta a rufe

Abubuwa da yawa sun shige mini da shekaru, amma zaman da muka yi a tsakar gidanmu na Wanke, bayan Inna ta fita takaba, ba zai taɓa fita daga raina ba. Wajen ƙarshen 1998 ne, lokacin da maganar zaɓe ta cika gari har yara na wasan ɗaga hannu a lungu.

Da Baba ya rasu, gidan ya zama babu kowa sai Inna, ga ciwon ƙafa ya fara takura mata. Dole ta koma hannun ɗaya daga cikin yayyena maza uku. Ɗaya ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, ɗaya yana fataucin hatsi a Tsafe. Babbansu kuwa manomi ne a Nahuce ta ƙasar Bungudu, kuma shi ne ɗan farin Inna. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi riƙo, can ya girma, can ya yi aure. Irin kunyar ɗan fari ta mutanen da, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan ta kama dole sai ta ce "wancan mutumin". In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango.

Ni Gusau nake so, ban ɓoye wa kowa ba. Nan nake aure, nan asibiti yake, kuma ina son uwata kusa da ni.

Da gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin dangi, sai aka ce a ɗaga hannu kawai, Dakta ya ƙirga. Dakta ɗan kawuna ne, taubashina, malamin lissafi a jami'a. Bincikensa duka a kan zaɓe yake: hanyoyin ƙirga ƙuri'a, da irin wahalar da ko kwamfuta za ta sha kafin ta gano wanda ya ci a wasu hanyoyin, ko ta gano yadda za a murɗe sakamako. Rubuce-rubucensa suna fitowa a mujallun ƙasashen waje, mu kuwa a gida ba mu ga abin da aka tsinana ba. Nakan ce masa, "Duk bokon nan a kan ƙirga hannu? Ai ko maigari ya iya." Sai ya yi dariya ya ce bari ranar ta zo.

Ranar ce ta zo. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya, Inna tana ɗakinta tana tsintar wake. Dakta ya ce a ɗauki garuruwan biyu-biyu. Aka haɗa Gusau da Tsafe, Gusau ta ci. Aka haɗa Tsafe da Nahuce, Tsafe ta ci. Na fara gyara mayafi, don a lissafina magana ta ƙare: wanda ya kada wanda ya kada na uku, ai shi ne a sama. Dakta ya ce a dai cika, a haɗa Gusau da Nahuce. Hannaye suka tashi, sai ga Nahuce ta kada Gusau.

Yayana na Tsafe ya ce, "Dakta, ko dai ka yi kuskure? A sake." Aka sake, aka sami abin da aka samu da farko.

Dakta ya yi mana bayani a hankali. Dangi sun kasu uku ne kusan daidai. Mu 'yan Gusau, in ba mu samu ba mun fi son Tsafe, saboda titi. 'Yan Tsafe, in ba su samu ba sun fi son Nahuce, don ba sa son hayaniyar birni. Tsofaffin da ke son Nahuce kuma, in ba su samu ba sun fi son Gusau, saboda asibiti. Shi ya sa kowane gari yake da mai kada shi. Ya ce da ya ga dama, da sai ya haɗa biyu, ya haɗa wanda ya ci da na ukun, ya tsaya nan. Duk garin da ya ajiye a ƙarshe shi zai ci, kuma kowa zai tashi yana ganin an yi adalci.

Yayana na Gusau ya ce, "To ka aje muna Gusau ƙarshe mana, mu huta." Aka yi dariya, har da ni. Babban yayanmu ne kaɗai bai yi ba. Sai a lokacin na lura tun da aka fara bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, yana zaune a gefen tabarma yana wasa da wani kara.

Dakta ya ce shi ba zai zaɓa wa gwaggonsa wurin zama a ɓoye ba, kuma akwai ƙuri'ar da ba a karɓa ba. Ya miƙe ya nufi ɗakin Inna, na bi shi.

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ina kika hi son zama?"

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Duk inda kunka ce. Duk ɗiyana na."

Na san haka za ta ce, ta faɗa mana ya fi a ƙirga. Dakta ya ce, "To ba sai kin hwaɗi inda kike so ba. Ni zan kira gari, wanda bai yi miki ba ki gaya min dalili. Gusau."

Ta ce, "Allah shi yi mai albarka, amma ƙarar baburan nan ba ta barina barci."

"Tsahe."

"Shi kullum yana bisa hanya. Wa zan gani?"

"Nahuce."

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan. Ta juya fuskarta wajen bango kamar yadda take yi in ya zo gaisuwa. Can ta ce mini, "Ke, tashi ki duba min tukunya kar ta ƙone."

Na je madafa. Tukunyar a kife take, murhun ko ɗumi babu. Nan na tsaya na yi kukana ni kaɗai, don na gane shekara da shekaru ina zaune da uwata ban san abin da ke ranta ba. Na ji zafin rasa ta a Gusau, ba zan ce ban ji ba, amma kunya ta fi zafin yawa.

Da na dawo, Dakta yana gaya wa dangi cewa gari biyu an kawo musu uzuri, ɗaya ba a kawo ba. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Babban yayanmu ya ajiye karansa ya ce zai je ya duba rufin ɗakin gabas, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba.

Inna ta yi sauran shekarunta a Nahuce, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba. In na je, nakan tarar da shi da yamma a bakin ƙofarta, ya ba ta baya, yana ba jikokinta labarin gona da ƙarfi don ta ji. Ita kuma ta rarrafa ta tuƙa tuwo da kanta duk da ƙafar, ta ce wa matarsa, "Kai wa wancan mutumin." Ranar sadakar ukun Inna ya ce mini, "Kin san sai da na yi hurhura na san ɗanɗanon miyarta?"

Tun daga ranar tsakar gida na daina yi wa Dakta tsiya a kan bokonsa. Na koyi cewa mai tsara yadda za a tambaya yana iya riƙe amsa a hannunsa, don haka a duba amanarsa kafin a duba yawan hannaye. Na kuma koyi cewa duk inda aka taru yanke wa wani hukunci, in an gama ƙirga masu magana, a waiwayi wanda ya yi shiru, domin wani lokacin maganar tasa ce.