Farin Shafin Baba Mai Hoto

Baba Mai Hoto ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaukar mutane hoto a wani ɗan shago kusa da tashar mota, har lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa. Hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi. Ya rataye kyamara a ƙusa, ya koma gida ya zauna, abin duniya ya ishe shi.

Babbar 'yarsa ce ta ƙi yarda. Ta kawo masa kwamfuta mai shafukan kundin hotuna da aka riga aka zana, kowane shafi da gurabensa.

"Baba, ba sai kun riƙe komai ba. Ku danna nan kawai, hoto ya shiga gurbi."

Ya gwada. Gurbin ya yanke wa wata tsohuwa hannu, ya datse wa jariri ƙafa.

"Wannan ai mahauci kika kawo min," in ji shi. Ta kwashe da dariya. Ya ce ta share zanen kaf, ta bar masa farin shafi.

Aikinsa na farko daga wata tela ya zo. Mijinta direba ne, ya yi haɗari ya daɗe bai taka ba, ita kuwa tana ta ɗaukarsa da waya tun daga gadon asibiti. Baba ya sa aka wanke hotunan ƙanana, ya baje su a tabarma yana jujjuyawa, sannan ya kwafi tsarin a kwamfuta. Na asibiti ya cusa su shafi guda, a matse kamar ɗakin da aka ɗauke su. Wanda mijin ya fara tsayawa da sanda a bakin ƙofa kuwa, ya ajiye shi shi kaɗai can gefe, sauran shafin fari fat.

Da telar ta zo karɓa, sai ta ɗaure fuska. "Baba, hotunan ƙarewa suka yi? Kun bar min fili kamar za a yi shuka."

"Gaba yake kallo, 'yata. Wurin tafiya na bar masa."

Ta shafa shafin da yatsa. Washegari mijin ya zo da ƙafarsa, yana ɗingishi, ya ce a yi masa wani ya kai wa mahaifiyarsa.

Daga nan aiki ya buɗe. Baba ba ya fara kundi sai mai shi ya zauna a benci ya ba shi labarin kowane hoto. Wasu hira kan ɗauke su har su manta sun bar tukunya a wuta.